Injin Iska: Abin Da Za A Duba In Ya Ƙi Aiki

A Matamaye, injin iska da muke kira kwamfuresa shi ne jarin mai faci. Ranar da ya tsaya, mai kabu-kabu da mai amalanke da direban da zai bi hanyar Ɗan Barto duk sai jira. Galibin matsalolinsa kuwa ƙura ce da ruwa da yoyo.

In yana aiki amma tanki ba ya cika, a shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗai. Inda kumfa ya taso, nan iska take fita. A kuma duba matacin iska, don ƙurar hunturu na toshe shi, sannan a ga ko bel ya saki.

In yana gurnani bai tashi ba, a kashe shi nan take. Wataƙila wuta ce ta yi ƙasa ko kwandansa ta mutu.

In ya yi zafi da yawa, a duba baƙin mai.

Kowace yamma a buɗe bawul na ƙasan tanki, ruwan da ya taru ya zube. Ruwan nan ne ke cin ƙarfe daga ciki, musamman da damina.

Kafin a taɓa komai, a cire wuta, a saki iska. Kada a ɗaure bawul ɗin tsaro, kada a yi wa tanki mai tsatsa walda. Yana iya fashewa ya kashe mutum.

'Yan uwa na waje masu aiko da inji, ku tuna wutarmu 220 ce. Na Amurka mai 120 zai ƙone.