Daga Goyon Uwa Zuwa Fargabar Girma

Mai karatu, idan kana cikin waɗanda ba sa runtsawa muddin ɗa bai ɗaga waya ba, ko sakamakon gwajin asibiti ya jinkirta, to ka sani masana sun daɗe suna bin sawun wannan damuwa.

A shekarar 1951, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan yaran da suka rasa matsuguni bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya nuna cewa jariri na buƙatar wanda zai shaƙu da shi kamar yadda yake buƙatar nono. A 1954 abokiyar aikinsa, Mary Ainsworth, ta tafi Yuganda, ta riƙa shiga gidaje kusa da Kamfala tana lura da iyaye mata da goyonsu. Daga bisani, a Amurka, ta raba shaƙuwa gida uku: yaron da ya natsu, wanda ke kau da kai, da wanda ke maƙale wa uwa amma rarrashi ba ya kwantar masa da hankali. Na ukun nan galibi shi ne wanda yau a amsa kukansa, gobe a ƙyale shi, har ya koyi zaman ɗar-ɗar.

A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa irin wannan shaƙuwa tana bayyana a soyayyar manya. A 1994 kuma, masu bincike a Jami'ar Laval ta Kanada suka fito da ma'aunin gaza jure rashin tabbas. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mai fargabar a yashe shi yakan fi shan wahalar jira, sai ya yawaita kira, da tambaya, da zargi. Wannan neman tabbaci yana sanyaya zuciya na ɗan lokaci, sannan ya ƙara wa damuwar ƙarfi.

Wannan tarihi bai zo don ɗora wa iyayenka laifi ba, domin gado da wahalhalun rayuwa su ma suna da hannu. Kuma abin da aka koya ana iya sauya shi. Likitocin halayyar ɗan Adam suna horar da mutum ya jinkirta kira na biyu da minti goma, gobe da ashirin, har zuciya ta gane cewa rashin sani ba masifa ba ce. Idan damuwar ta hana ka barci ko aiki, ka nemi likita.