Tarihin Kai a Matsayin Madogara: Nazari kan Labarin Baba ta Karo

Tarihin kai, wato labarin da mutum yake bayarwa game da rayuwarsa da bakinsa ko da alƙalaminsa, bai samu gurbi mai faɗi a adabin Hausa ba, domin an tarbiyyantar da Bahaushe a kan kunya da rufin asiri, har akan ce yabon kai jahilci. Sai dai wannan kawaici ya jawo asara, kasancewar rubutaccen tarihin da aka gada, irin su Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya fi karkata ga sarauta da yaƙi da malanta, ya bar tsakar gida babu mai ba da shaida a kanta.

Wannan giɓi ne labarin Baba ya cike. An haife ta a shekarar 1877 a Karo ta ƙasar Kano, kuma tana tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau ta zauna da Mary Smith, matar masanin halayyar al'umma M. G. Smith, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana faɗa da Hausa, Mary kuwa tana rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954, bayan rasuwar Baba da shekara uku. Darajarsa tana cikin ƙananan abubuwan da namiji, Bature ne ko malamin zaure, ba shi da hanyar gani: yadda 'yan mata biyu suke ƙulla ƙawance da musayar kyauta har ya zama zumunci na tsawon rai, da yadda uwa take kauce wa ambaton sunan ɗanta na fari, da yadda ita kanta Baba ta yi aure sau huɗu ba ta haihu ba, amma riƙo, wato karɓar ɗan dangi a rene shi tamkar na cikin mutum, ya ba ta matsayin uwa. Haka nan bauta, wadda littattafan tarihi sukan taƙaita a jimla ɗaya, a bakinta sai ta zama rinjin gidansu, wato ƙauyen bayi manoma, da fargabar mahara, da fafutukar tara kuɗin fansar 'yan'uwan da aka kama, da watsewar bayin bayan zuwan Turawa. Mai karatu yakan gane cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ta kuma fi cika.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da bai kamata a yi watsi da shi ba, cewa muryar ta bi ta hannun baƙuwa, wadda ita ce ta yi tambayoyin, ta tsara babi-babi, ta kuma fassara. Haka abin ya kasance ga Dorugu, yaron da aka bautar, ya samu 'yanci, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, wanda J. F. Schön ya rubuta labarinsa ya buga a Magana Hausa a 1885. Ƙorafin gaskiya ne, kuma yana wajabta wa manazarci ya bambance abin da mai labari ya so faɗa da abin da aka tambaye shi, amma bai soke shaidar ba. Abin da ya fi damun mai kishin harshen shi ne, an daɗe ana karanta Baba a jami'o'in Ingila da Amurka, kafin matan Giwa da ta zauna a cikinsu su samu hanyar karanta abin da ta faɗa da harshensu.