Wutar ramin caji na mota ta yi rauni: abin da ke jawo shi da yadda ake gano shi

Direbobi da dama, musamman masu bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ko Ƙwanni zuwa Tawa, suna kokawa da abu guda: a jona salula a mota, a yi tafiyar awa uku, a tarar cajin bai ƙaru ba. Ranar da mota ta lalace a daji, wayar da za a nemi taimako da ita ta mutu. Ga bayanin da muka haɗa muku a kan wannan rami da masu gareji ke ce wa alim-sigar, wato ramin kunna sigari.

Yadda ramin ke aiki

Wutarsa daga batir take fitowa, bolt 12 a ƙananan motoci, bolt 24 a yawancin manyan motocin kaya. Ɗan ƙarfen da ke can ƙasan ramin shi ne mai kawo wuta, bangon ramin kuma shi ke mayar da ita jikin mota, abin da ake kira mas. A tsakani akwai fizibil, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira fiyus, galibi mai amfiya 10 ko 15. Mai 10 ja ne, yana ɗaukar kaya har wat 120. Mai 15 shuɗi ne, wat 180. A motoci da yawa ramin ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli.

Abu na farko da za ku riƙe: fizibil in ya ƙone, wuta ɗaukewa take yi ɗungum. Idan tana zuwa amma ba ƙarfi, to wani wuri ne ke tauye ta a hanya.

Ku fara da mai sauƙi

Ku canza igiyar caji, sannan ku canza kan cajar. Igiya mai arha siririyar waya ce a cikinta, wuta ba ta wucewa sosai. Ku duba rubutun jikin cajar: mai amfiya 1 a hankali take caji, mai 2.1 ko 2.4 ta fi. Ramin USB na jikin rediyon mota kuwa don kiɗa aka yi shi, sau da yawa rabin amfiya kawai yake bayarwa. Haka kuma salular da aka ajiye a rana gaban gilashi, in ta yi zafi da kanta take rage caji.

Ƙura da tsatsa

Ƙurar hunturu da tokar sigari kan taru a ƙasan ramin su hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Ku kashe mota, ku zare makulli, in so samu ne ku cire fizibil ɗin, sannan ku share da tsinke da ɗan ƙyalle busasshe. Kada ku sa ƙusa ko sukurdireba. Ku leƙa da tocila, don wani sa'in kwabo ne ya faɗa ciki. In caja tana rawa a ramin, mota na shiga gargada wuta na yankewa, to ƙarafan gefe ne suka saki.

Awo da mita

Mai gyaran wutar mota zai fara da batir. Mota a kashe, lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6. In ya sauka 12.2, rabin cajinsa ya tafi. In an tada inji, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, altarnatar ce ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma za ku ga fitilu ma sun dushe.

In batir lafiya lau, sai a auna ramin. Nan ne ake yawan ruɗewa: ramin da ba a jona masa komai ba zai iya nuna bolt 12 cif, amma da an ɗora masa kaya sai ya faɗi. Don haka a auna shi da wani abu a jone, kamar famfon iskar taya. In bambancinsa da batir ya wuce rabin bolt, a bi waya: ƙafafun fizibil da suka yi baƙi, mahaɗin bayan ramin da zafi ya narkar, kawunan batir masu farin gari, ko wayar mas da tsatsa ta ci inda aka ɗaure ta. Motocin da aka sayo na hannu kuma kan zo da haɗe-haɗen wayoyi da wani ya ƙara.

Gargaɗi

Don Allah kada ku naɗa waya ko takardar kwalin sigari a madadin fizibil, kada kuma ku sa mai 30 inda aka rubuta 15. Fizibil shi ke ƙonewa don waya ta tsira. In kun hana shi, wayar ce za ta yi zafi a bayan tablo, daga nan sai gobara. In sabon fizibil ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa jikin mota, sai gareji.

Firjin mota, famfon taya da na'urar da ke mayar da wuta bolt 220 duk suna jan wuta da yawa. Kada a haɗa su a rami guda, kuma mai cin fiye da abin da fizibil ke ɗauka a ja masa wayarsa daga batir, da nasa fizibil. Direbobin manyan motoci kuma su tabbata an rubuta 12 zuwa 24 a jikin caja kafin su saya.

Da kun ji ƙaurin roba ko kan caja ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ku zare shi nan take. Allah Ya kiyaye hanya.