Muhammad bin Tughluq

Muhammad bin Tughluq shi ne sarkin Delhi daga shekarar 1325 zuwa 1351. Ya gaji mahaifinsa, Ghiyasuddin Tughluq, wanda ya kafa gidan sarautar Tughluq a 1320. A farkon zamaninsa mulkin Delhi ya mamaye mafi yawan ƙasar Indiya.

Sarki ne mai ilimi, ya san Farisanci da Larabci da lissafi, amma gaggawa ta yi masa yawa. A 1327 ya mai da Daulatabad, can kudu a yankin Deccan, hedkwatar mulki, ya tilasta wa manyan Delhi da iyalansu yin tafiyar fiye da kilomita 1,000. Mutane da dama sun mutu a hanya, kuma bayan 'yan shekaru aka koma Delhi. Haka ma kuɗin tagulla da ya buga ya ce a karɓe su da darajar azurfa: maƙera suka yi ta buga na jabu a gidajensu, dole ya janye su, baitulmali ya yi asara mai yawa. Dabarar ba wauta ba ce, abin da ya rasa shi ne hanyar hana jabu.

Matafiyin nan Ibn Battuta, wanda daga baya ya ziyarci Mali da Takedda, ya yi masa alƙalanci a Delhi, ya kuma rubuta labarin yawan kyautarsa da saurin zubar da jininsa.

Tun Muhammad bin Tughluq yana raye larduna suka fara ɓallewa. Ta haka ne daular Bahmani ta kafu a 1347. Ya rasu a 1351 kusa da Thatta a Sindh, yana bin 'yan tawaye. Ɗan'uwansa Firuz Shah ne ya gaje shi.