Kafin PlayStation: lokacin da gem ke da dainamo da sarƙa

1/ Jama'a, ku zo mu ɗan yi tarihi. Kafin gem ya shiga waya, inji ne guda, tsayinsa ya kai mutum: mota, sarƙa, ƙwan fitila da madubi. Babu kwamfuta a ciki ko kaɗan.

2/ A 1955 wani Bajafane, Masaya Nakamura, ya kafa dawakan wasa guda biyu masu inji a saman wani kanti a Yokohama. Yaro ya biya, doki ya yi ta rausaya. Kamfanin nan shi ne ya zama Namco, masu Pac-Man na 1980. Dawaki biyu fa!

3/ A 1966 Sega ta fitar da Periscope. Jiragen ruwa na kwali ne sarƙa ke ja, kai kuma ka leƙa ka harba. Jerin fitilu ne ke kamawa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga kamar harsashi na tafiya.

4/ Speedway ta Chicago Coin, 1969: faifai mai hoton motoci na juyawa, fitila na haska shi a allo, kana riƙe da sitiyari. Da Pong ya zo a 1972, sai Space Invaders a 1978, kasuwar waɗannan injuna ta mutu.

5/ To, ku duba abin da muka taso muna yi a Dutsen Abba, nan Zariya. Motar kara, motar langa-langa mai tayar silifas, majigin kwali da tocila. Mai sa'a ya ciro dainamo daga matacciyar rikoda, ya haɗa da batirin Tiger Head, fanka ta juya. Wallahi dabarar ɗaya ce da ta Speedway.

6/ Bambancin: su an zuba musu jari, mu an ce muna tara shara. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin BUK, ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic, ta kuma tashi. Da me kuke zato irinsa ke farawa?

7/ Abin da ke damuna: injin da kake ganin cikinsa yana koya maka aiki, waya kuwa a rufe take. Ƙannenmu sun iya dannawa, amma kaɗan ne suka taɓa juya waya biyu su ga dainamo ya koma baya.

8/ In ka ga ƙaninka na farke tsohuwar rediyo, kar ka ƙwace. Sayo masa batir.