Gauraya Irin Shinkafa da Maganin Ƙwari

Hanya ce ta lulluɓe irin shinkafa da magani kafin shuka. Da zarar iri ya tsiro, saiwa ta zuƙi maganin ya ratsa jikin tsiron, ƙwaron da ya ci ya mutu.

A jihohin Arkansas da Louisiana na Amurka, babban abokin gaba shi ne ƙwaron Lissorhoptrus oryzophilus, wanda tsutsotsinsa ke gwaigwayar saiwa can ƙarƙashin ruwa, inda feshi ba ya isa. Don haka manoma kan gauraya iri da maganin Dermacor ko CruiserMaxx. Sinadarin na biyun, thiamethoxam, yana cikin Apron Star da manoman Najeriya suka sani.

Sai dai thiamethoxam yana cutar da ƙudan zuma. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a gonakin fili.