Likitan Sarki Juba da Dangin Tinya

A shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuliyas Kaisar ya karya rundunar Sarkin Numidiya a Arewacin Afirka, aka tafi da ƙaramin ɗan sarkin birnin Rum. Yaron, Juba na Biyu, ya tashi cikin littattafai, kuma a shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa, Kaisar Agustas ya naɗa shi sarautar Muritaniya ta dā, wato yankin Maroko da yammacin Aljeriya na yau.

A zamaninsa aka gano wani tsiro mai kaurin jiki da ƙaya a duwatsun Atlas, wanda ke zubar da farin ruwa kamar nono idan an yanke shi. Juba ya rubuta ɗan littafi a kansa, ya raɗa masa sunan likitansa, Yufobus. Littafin ya ɓata, amma marubucin Rum Filini ya adana labarin, har da yadda ake tatsar ruwan: masu ɗiba kan tsaya daga nesa, su soki tsiron da doguwar sanda, ruwan ya zuba cikin tumbin ɗan akuya. Tsoron zafinsa ne ya hana su matsowa. A 1753 masanin tsirrai na Suwidin, Kal Liniyas, ya tabbatar da sunan Euphorbia ga dangin gaba ɗaya, wanda a yau ya ƙunshi nau'i kusan 2,000.

Bahaushe bai jira Liniyas ba. Aguwa da ake shinge gonaki da ita, da ƙerana, da tinya, duk 'yan wannan dangi ne. Manomi kan sari reshen aguwa ya kafa a ƙasa ya kama, dabba kuma ba ta kusantarsa. Dabarar da masu kiwon waɗannan tsirrai a tukwane suke bi ke nan har yanzu, sai dai su kan bar reshen ya sha iska kwanaki, bakin yankan ya bushe, kafin su dasa shi cikin ƙasa mai yashi. Yawan ban ruwa ne ke kashe su, ba fari ba. Masu sayar da furanni kan kira su kaktus, alhali kaktus asalinsa nahiyar Amurka ne, kuma ba su haɗa dangi ba.

A 1975 masu bincike a Jamus suka ware sinadarin da ke sa ruwan tsiron Atlas ƙuna, suka kira shi resiniferatoxin. Ya ninka sinadarin zafin barkono sau ɗaruruwa, kuma akwai shi a jikin tinyar Arewacin Nijeriya. Yanzu likitoci na gwada shi wajen kashe raɗaɗin masu ciwon daji, domin yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Ɗigo ɗaya a ido kuwa na iya jawo makanta ta ɗan lokaci, abin da ya kamata mai ajiye tukunyarsa a tsakar gidan da yara ke wasa ya sani.